Lakwal ɗin Yaya Habsu

Shekara shida ke nan cif, a wannan watan, da muka kai yayata Habsu makwancinta a nan Jidda. Mu bakwai ne kacal muka bi gawar, domin yawancin waɗanda suka san ta ba masu iya tsayawa ba ne a inda za a iya tambayarsu takarda. Sunan da na ba ta a nan ba na yanka ba ne, haka ma na ɗiyarta da nawa. Kowace shekara idan watan nan ya kama nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye. Bana ba ni da damar ajiyewa.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Tasawa, cikin Nijar. Ta girme ni da shekara tara, kuma a bayanta na yi wayo. Ta zo Umra ita da mijinta, suka zauna ba su koma ba, kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi. A wani ɗakin haya, cikin wata tsohuwar unguwa kudu da Bab Makka, aka haifi Hanan. Ba a yaye ta ba uban ya kwanta ciwo ya rasu. Ni sai bayan shekara biyu da haihuwarta na iso, da bizar aiki da kafili mai tsaya mini da iƙama, wato takardar zama, na kama lodi da sauke kaya a wani sito a Madinar Masana'antu, inda nake har yau. Wato ni ina da takarda, su biyun ba su da ko ƙyalle.

Wanda bai zauna a garin mutane ba takarda ba, ba zai gane irin tsoron da nake nufi ba. Ba ya zuwa ya wuce kamar zazzaɓi, tare da shi ake cin abinci. Yaya Habsu tana sayar da kuka da daddawa da yaji a gefen Bab Makka bayan la'asar, a kan wani zane da ta ƙware wajen tattare shi da hannu ɗaya. Takalmanta kullum bakinsu na kallon ƙofa. A bayan ƙofar akwai jaka a ɗaure da kayan Hanan, duk shekara takan kwance ta sauya su da waɗanda suka yi wa yarinyar daidai. Ban taɓa jin ta ce tana tsoron a mayar da ita gida ba. Abin da ke hana ta sakat shi ne ranar da za a sauke su a can, a kai ɗiyarta lakwal, wato makarantar boko, a yi mata magana ta tsaya zuru kamar kurma.

A nan kuwa ba maganar makaranta. Hanan ta yi allo wurin wata maƙwabciya, Larabci kuma ta tsince shi a lungu kamar kowane ɗan unguwa. Amma da safe motar 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa takan wuce ta bakin titi, yarinyar ta hau kan bokiti tana leƙe ta taga har motar ta ɓace. Uwar takan yi kamar ba ta gani ba, ta ci gaba da tankaɗen kuka da ƙarfi fiye da kima.

Ni na kawo tashar gidan, kuma ba da niyyar alheri ba. Ƙwallo nake son kallo ranar Juma'a idan na zo cin tuwo, sai na sayo wani ɗan akwati a unguwar Sharafiyya mai kamo tashoshin waje ta intanet, na haɗa da tsohuwar telen da ke ɗakin. Ina cikin latse-latse na faɗa kan wata tashar gwamnatin Faransa, ana nuna zanen dabbobi masu magana. Daga baya na san cewa a farkonta tashar ta samari ce, kiɗe-kiɗe da wasan kwaikwayo da finafinai, kuma ba a daɗe ba a lokacin da aka ba yara rana sukutum a cikinta. Na kai hannu zan wuce, Yaya ta ce, "Tsaya, Haruna. Wanga ba bakin mushe ba ne?" Mushe shi ne malamin lakwal a wajenmu. Na ce shi ne. Ta ajiye rariya ta matso, ta daɗe tana kallon Hanan tana kallon telen. Ranar ban ga ƙwallo ba, kuma ban sake ganin ƙwallo a gidan ba.

Yaya ba ta taɓa taka lakwal ba. Ni kaɗai mahaifinmu ya sa, na yi aji shida na faɗi jarrabawa na dawo gona. Abin da ta sani game da Faransanci shi ne yaren da ake yi ta bayan taga a likita da ofishin hukuma, inda ta sha ganin mahaifinmu, dattijo mai kwarjini a ƙauye, ya tsaya yana murza hula a hannu yana jiran a fassara masa. A wurinta duk wanda ya iya yaren nan ba a barinsa tsaye a rana.

Sai ta mai da tashar lakwal, da gaske ba wasa ba. A akwatin lambarta ɗari biyu da sha ɗaya ce, ita kuma ta haddace ta da siffa: agwagwa, sanda, sanda. Da zarar motar 'yan makaranta ta wuce, Hanan ta yi wanka, an sa mata riga gogaggiya, ta rataya 'yar jaka, ta taka daga bayan labule zuwa tabarma, tafiyar da ba ta kai taku biyar ba. Ba ci, ba kwanciya, ba Larabci, ba Hausa har sai shiri ya ƙare. Ana rage murya ƙasa-ƙasa a kunna na'urar sanyi mai ƙara, kada wani ya ji baƙon yare daga ɗakin takaru marasa takarda ya soma tambaya. Sau biyu a shekara Faransawa kan matsar da agogonsu da awa guda, shirye-shirye su goce daga lokacinsu, kuma sau biyu a shekara sai na sha faɗa wai na taɓa akwatin. Na yi bayani har na gaji. Ta ce ita ba ta taɓa jin ƙasar da rana ke makara ba.

Ina tsokanar Yaya da Madam Direktiris, wato shugabar lakwal. Takan ce, "Yi dariya, kai da ka ci lakwal shekara shida ka hito da bonjur tsura." Kuma ita ta yi gaskiya. Kafin Hanan ta kai goma ta soma gyara mini magana, tana riƙe ciki saboda yadda nake kaɗa harshe. Ina jin daɗi, amma wani lokaci abin kan dame ni, domin muryar da ke fita daga bakinta ta mutanen cikin akwati ce sak, kuma duk faɗin unguwar ba ta da wanda za ta yi yaren da shi. Na sha tarar da ita tana yi wa bango tambaya tana ba kanta amsa.

Yanzu zan faɗi laifina. Wata rana a wurin aiki, lokacin hutun azahar, na gani a waya cewa gwamnatin Faransa ta yanke shawarar rufe tashar, wai shirye-shiryen yara za su koma intanet da wasu tashoshi. Ranar Juma'a na zo, ana zuba tuwo, na ce cikin raha, "Yaya, lakwal ɗinku fa an buga masa huruj." Huruj shi ne hatimin fita ba dawowa, wanda ake buga wa baƙo idan zamansa ya ƙare. Na zaci za ta yi tsaki ta rama. Sai ta ajiye mara a hankali, ta ce, "Yaushe?" Na ce sun ba da wa'adi, kamar shekara biyu. Ta ce, "Laihin mi ta yi?" Na shiga kame-kame, ina maganar tsimi da zamani. Ba ta saurare ni ba. Ta dubi Hanan ta ce, "Ba ta ƙare ba, Haruna. Ɗiyata ba ta ƙare ba." Tuwon ranar haka ya huce a kwano.

Tun daga nan tsoronta ya zama biyu. Kafin yarinyar ta tashi sai ta kunna tele ta ga ko agwagwa da sandunanta suna nan, domin ba ta yarda da wa'adin hukuma ba, ta ce masu kame ma ba sa aiko da sanarwa. Ta sa na koya mata ɗaukar hoto mai motsi da waya, ta dinga tsayawa gaban telen hannu a miƙe tana naɗar shirye-shirye har damtsenta ya kama rawa. 'Yan katunan waya da ta cika ta tara su a gwangwanin madara, ta naɗe da leda. Ta rame, ƙafafunta suka soma kumburi, na yi juyin duniya ta je a duba ta, ta kafe kai da fata cewa ba za ta shiga inda za a ce ta kawo lambar iƙama ba. Wata hantsi Hanan ta kira ni a waya, tana da shekara sha biyu, ta ce, "Khali, ta'al, Ummi ba ta amsawa." Khali shi ne kawu a bakin 'ya'yan nan, ta'al kuwa zo. Na tarar da ita jingine da bango, wayar a cinyarta, dabbobin cikin tele suna ta surutunsu.

Ba zan ce maganata ce ta kashe ta ba, kwana ne ya ƙare, kuma zuciyarta ta daɗe da ciwo. Amma ni na ɗora mata kayan da ta ƙarasa rayuwarta da shi a ka, kuma da dariya na ɗora. Ta tafi tana da yaƙinin za a rufe tashar. Wannan ne ke ci mini rai, saboda ba a rufe ba.

Watanni kaɗan bayan rasuwarta annobar korona ta sauka. Na riga na bar ɗakin ma'aikata na dawo wurin Hanan, sai ga mu a kulle mu biyu, titi ba kowa sai motocin sintiri. A can Faransa ma aka rufe makarantu, sai tashar nan da ake jiran ranar binne ta ta kawo malamai na gaske, da allo, suna koyar da lissafi da nahawu da tarihi aji-aji. Ran farko da Hanan ta ga mace tsaye gaban allo tana cewa a ɗauko littafi a rubuta, ta tashi a guje ta ɗauko riga gogaggiya, wadda ta riga ta yi mata kaɗan. Ta doshi shekara sha uku kafin ta soma ganin malama tana koyar da ita. Na shiga banɗaki na sakar wa famfo ruwa don kada ta ji ni.

Saboda aikin nan da tashar ta yi aka ƙara mata shekara guda, daga baya kuma aka ce ta zauna, rana ta yara, maraice na kiɗa da wasanni. Mu a nan muka ce an sabunta mata iƙama. Na sha tambayar kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga haka. Na san ba za ta yi mamaki a gabana ba. Za ta gyara ɗaurin kallabi ta ce dama ita ta san lakwal ne, Faransawan ne suka makara wajen ganewa, sannan ta ce in tashi daga gaban tele ina tare wa ɗaliba allo.

Da labarin ya tsaya a nan da na rubuta shi tuntuni, da farin ciki. Sai aka zo rusau. Unguwarmu na cikin tsofaffin unguwannin da aka shafa wa jan fenti a bango, aka ba da kwanaki a tashi. Maƙwabtan da muka yi shekaru muna musayar gishiri suka watse cikin mako biyu, wasu Makka, wasu bayan gari, wasu suka miƙa kansu aka mayar da su gida, lambobin waya suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ina haɗa kaya za mu koma wani ɗaki a Sharafiyya na farke wani tsohon matashi da ya yi nauyi, sai ga fasfon da Yaya ta shigo da shi. Na Najeriya ne. Hoton nata ne, tana yarinya, amma sunan na wata ce daban, sunan uba daban, garin haihuwa wani gari a ƙasar Katsina. Wani dillali a Kano ne ya yi musu takardun tafiya, kamar yadda ake yi wa mutanen bakin iyaka a zamanin, su dai a ce musu ga jirgi.

Na zauna a kan ƙullin kaya da fasfon a hannu. A takarda matar da ta goye ni ba yayata ba ce, ba 'yar ƙasarmu ba ce, kuma yarinyar da ke naɗe tabarma a gabana ba kowata ba ce. Ita Hanan ɗin ma babu inda aka rubuta cewa an haife ta. A nan na gane abin da ban gane ba shekara da shekaru ina tsokana. Yaya ba ta iya karatu ba, amma ta san tambarin da ke kan fasfonta, ta san ba irin nawa ba ne. Takardar da ta kasa samar wa ɗiyarta ce ta so ta sa mata a baki, yadda duk wanda ya ji ta zai ce wannan ta ƙasar Faransanci ce, a kai ta Nijar wurin danginta.

Ga shi kuma gidan da take shirya ta dominsa ya sauya. Sojan Faransa sun kwashe sun tafi, hukuma ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma yaren aiki. Ana yinsa har yanzu a ofis da aji, ban ce ya mutu ba, amma ba shi ne abin tinƙaho ba kamar da. Da na ji labarin na yi murna kamar kowane Bahaushe, murnar ba ta kai minti biyu ba na tuna da wadda ke zaune a ɗakina. Hanan tana jin Hausa sarai, amma da ni Larabci take yi, in na matsa ta jefo kalma biyu ta koma. A nan kam ban san abin da Yaya za ta ce ba, kuma ina tsoron in zauna in ƙiyasta. Mace ta hana ɗiyarta yaren uwa rabin yini, shekara biyar, don ta ba ta na baƙi, sai a wayi gari na uwar ne ake nema.

Watanni uku da suka wuce Hanan ta cika sha takwas. Yanzu ba yarinya ba ce da za a ce tana bin wani, mace ce baliga wadda babu sunanta a ko'ina, a garin da layin waya da ganin likita da kama haya duk sai da lamba. Kwanakin baya ta fita sayen burodi da hantsi, masu duba takardu suka tsaya a bakin layinmu. Mai shagon, Allah ya saka masa, ya tura ta bayan katan-katan na ruwa, ta yi sama da awa a tsugune. Da na dawo na tarar da ita zaune da burodin a hannu, ta matse shi ya zama kamar ƙullu. Idan aka kama ni da laifi an san inda za a aika ni. Ita kuwa wace ƙasa za a kira a ce zo ki ɗauki 'yarki? Na ji labarin waɗanda suka daɗe a tarhil, gidan jiran mayarwa, saboda ba ƙasar da ta amsa sunansu. Tun ranar ban sake cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba.

Muka yanke shawara ta tafi gida da ƙafarta, wurin ƙanwarmu a Tasawa, tun ba a kai ta inda ba mu zaɓa ba. Hakan na buƙatar takardar tafiya, takardar kuma ba a fara maganarta sai da wasiƙar dattijon jama'armu na nan, wanda ke tantance wane ne namu. Tsoho ne mai sayar da darduma, mutumin yankinmu, ya fi shekara arba'in a Jidda. Hanan ta yi mako guda tana shirya jawabi da Faransanci, tana maimaitawa gaban madubi. Ranar Asabar bayan la'asar muka same shi a bayan shagonsa. Ya juya fasfon ya sake juyawa, ya ce, "Wanga dai ba namu ba ne." Na ce a saurari yarinyar.

Ta miƙe ta yi jawabinta tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Ni kaina rabi na tsinta. Tsohon ya saurara har ta dire, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Mi ta ce?" Ashe shi ma bai taɓa taka lakwal ba. Na fassara abin da na iya. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗiyata, yaren ga ɗan Chadi ya iya shi, ɗan Kamaru ya iya shi. Yi mani Hausa." Ta buɗe baki, Larabci ya fito, ta ce tana fahimta amma ba ta iyawa. Ya ce wannan kuma duk wanda aka haifa a lungun nan ya iya. Ina kallon hannunsa yana rufe fasfon yana turo mini shi a kan darduma.

Ina jin tausayi ne ya sa ya ƙara magana, don kada mu tashi haka. Ya ce, "To ita uwar taki, da kuke zaman kallon nan, mi take yi, tunda ba ta ji?" Hanan ta sunkuyar da kai ta ce da Larabci, idan shiri ya ƙare Ummi takan kashe tele ta ce in ba ta labarin abin da aka yi, don ta tabbatar na gane. Ban taɓa sanin haka ba, lokacin ina wurin aiki. Tsohon ya ce, "To ba ni guda."

Ta zauna a kan darduma. Sannan ta soma, da wata murya da ban san tana da ita ba. "Wata akuya ce, shegen yawo gare ta. Ta tahi ta shiga jirgin ƙasa, mai jirgi shina ta neman ta, ita ko ta diro ta laɓe bayan rahoniya." Tsohon ya ɗaga hannu. "Bayan mi?" Ta ce, "Rahoniya. Inda suke aje hatsi." Rahoniya rumbun ƙasa ne, irin wanda ke bayan ɗakin innarmu. Yarinyar ba ta taɓa ganin zangarniyar gero ba. Wani gini ne na Turawa ta gani a zane, ta kwatanta wa uwarta, uwar ta ba ta sunan da ta sani. Haka suka yi shekara biyar, kullum, tana kawo kayan Faransa uwar tana sa musu sunayen ƙauyenmu. Ta ci gaba da labarin har ƙarshe, da Hausar da ni kaina Jidda ta goge mini ita, da karin maganar Yaya, har da ɗan tsakin da take yi kafin ta ce "ke dai bari". Tsohon ya cire tabarau ya goge ido ya ce rabon da ya ji bakin nan tun rasuwar innarsa. A hanya na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa yi mini irin wannan Hausar ba. Ta ce, "Khali, ta Ummi ce. Ba wanda ya sake cewa in ba shi labari."

Tsohon ya ce shi ya zama shaida ɗaya, ya ji da kunnensa. Amma ƙa'idarsu shaidu biyu ne, na biyun kuma dole ya zama wanda ya ga haihuwar ko ya ci sunan, ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa wannan ɗiyar Habsu ce ta cikinta. Ya dube ni ya ce, "Kai kana nan aka haihe ta?" Na ce, "Bari in tuna, Baba." Ya daɗe yana kallona, ya ce in tuna da kyau, kuma in yi sauri, domin ƙarshen watan nan zai koma gida gaba ɗaya, ƙafafu sun gaji. Wanda zai gaje shi ɗan zamani ne, takarda kawai ya sani.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Habsu, ba shi da yawa a ido. Akwatin ya lalace, katunan cikin gwangwani rabinsu ba sa buɗewa, ɗakin ya zama fili. Tashar tana can tana yi wa wasu yara wasa, waɗanda suka yi ta ba su san ta taɓa zama makarantar mutum ɗaya a Jidda ba, Hanan kuma ta girme ta. Abin da Yaya ta yi da gangan ya ba ɗiyarta ilimi, ba na raina shi, wataƙila ma ya ciyar da ita wata rana. Amma abin da ya tsaya mata a gaban dattijo shi ne wanda uwar ta yi ba da lissafi ba, 'yan mintocin nan bayan an kashe tele, mace da ba ta jin yare tana cewa a ba ta labari. Ni kuma abin da ta bar mini shi ne tsoronta, na gaje shi cif, ko ɓantare bai yi ba.

Shi ya sa na rubuta. Akwai wata ungozoma a tsohuwar unguwarmu, doguwa, mai hakiya a ido ɗaya, ana ce mata Mai Zare. Ita ta yanke wa Hanan cibi. Tun rusau ban san inda ta faɗa ba, ko tana Makka, ko tana gida, ko tana raye. Na bi duk wanda na sani, na tsaya a Bab Makka ina tambayar masu tallan yaji har sun soma guduna. Duk wanda ya karanta wannan ya gane mu, ya san inda zai same ni, kuma ko muryarta a waya tsohon ya ce zai karɓa.

Kwana goma sha ɗaya suka rage. Idan ba ta bayyana ba, zan yi alwala in je bayan shagon nan in dafa Alƙur'ani in ce ina tsaye a ƙofar ɗaki aka haifi yarinyar, alhali ina gona a Tasawa, ban ma san an haihu ba sai bayan wata biyu. Na san ɗiyar Yaya ce kamar yadda na san hannuna, amma ba abin da za a ce in rantse a kai ke nan ba. Tsohon ba ya karanta boko, ba zai ga wannan shafi ba. Wanda zan rantse da littafinsa kuwa ba ya buƙatar jarida. Na kai shekara arba'in da huɗu ban taɓa dafa shi a kan ƙarya ba, kuma duk asuba ina roƙon a kawo mini tsohuwar nan kafin ranar, domin na riga na san zan dafa.